Abin da Na Shuka Bayan Ɗaki

Wata huɗu ina tara ta gaɓa-gaɓa.
Akwatin daga kasuwar Dole, da tsatsa a gindi,
allon ciki wani direba ya kawo min daga Kano
a naɗe cikin tsohon rawaninsa,
fanka kuwa na ciro ta daga gawar wata
da wani ofishi ya yasar a ƙasa.

Daren da ta tashi ban runtsa ba.
Ta yi tari ɗaya, ta buɗe ido shuɗi,
na kai hannu in shafa bayanta kamar ɗan akuya,
sai ta harbe ni.
Harbin ƙaramar kunama,
tsam a yatsa, zur har gwiwar hannu,
ni da tafin ƙafa tsirara a ƙasa.

Na ce gajiya ce. Da safe ta maimaita.
Kan tabarmar roba, lafiya lau.
Da silifa, mu aminan juna ne.
In na fito wanka da jiƙaƙƙen diddige
sai ta tuna tsohuwar gaba.
Fasuma ta zo jona wayarta, ta kurma ihu,
inna ta leƙo ta ce akwai mai shi a ciki,
a turara ɗakin, a daina shigarsa da almuru.

Na zargi tukunyar wutarta, na saya sabuwa,
jikka goma sha biyu, kuɗin rabin buhun gero.
Na kwance kusoshi, na bi su ɗaya ɗaya
ko wani ya ɓuya yana taɓa inda bai kamata ba.
Na naɗe wayoyi da baƙar roba
har cikinta ya zama kamar mai karaya.
Na kunna. Na taɓa. Tsam.
Na zauna daɓas a ƙasa.

Tsoho Barmu na Garin Malam,
shekara talatin yana hawan turakun wuta,
ya ɗora turnabis mai ƙwai a jikin akwatin,
ƙwan ya yi ja kamar idon mai fushi.
Bai ƙara kallon kwamfutar ba, bango ya nufa,
ya ɓalle murfin, ya ce zo ka ƙidaya:
rami uku, waya biyu.
Ya ce, yaro, wuta baƙuwa ce,
in ta gama aikinta ragowar kan nemi hanyar gida.
Ba ka yi mata ƙofa ba, sai ta mai da kai ƙofa,
ta bi ta jikinka ta gaida ƙasa.

Sai haƙa.
Amma wa bai san Damagaram ba?
Kamu ɗaya, diga ta yi tartsatsi bisa dutse.
Rami na biyu dutse. Na uku ƙanensa.
Sai can bayan ɗaki, gindin bedi,
inda ruwan alwalar baba ya shekara ashirin yana tsiyaya,
nan sandar jan ƙarfe ta shige har wuya.
Gawayi kwano biyu, gishirin Bilma da inna ta ba da tana mita,
waya kore da rawaya ta ratsa ta taga
ta ɗaura aure tsakanin bango da ƙasa.

Na cire takalmi. Na jiƙa hannu da gangan.
Barmu na dariya, goro a baki.
Na taɓa.
Ƙarfe ne kawai, da ɗan ɗumi.

Ya ce kar ka bar ramin ya bushe.
A garin da ake bin ƴan garuwa da gudu,
ni nake ware buta guda kowace asuba
in zuba wa sandar da ba za ta yi ganye ba.
Jiya maƙwabci ya leƙo ta katanga,
ya ce, Mutari, me ka shuka ne haka?
Na ce sai dai ka jira damina.